Abin da Ya Rage a Wutsiyar Faifai

Mahaifina katako yake sayarwa a kasuwar Katako, kuma ko a mafarki bai taɓa zaton zai shiga akwatin talabijin ba. Ta dalilina ya shiga. A shekarun ƙarshe na mulkin soja, kafin a miƙa wa farar hula, ina aiki a siton gidan talabijin a nan Jos. Ni ke karɓar faifan da ake ɗaukar shirye-shirye a kai, in manna masa lamba, in jera a kanta. Faya-fayan nan manya ne kamar faranti, daga waje ake kawo su, kuma kullum ba sa isa. Saboda haka aka kafa doka: duk shirin da ba za a sake nunawa ba, a sauko da faifansa kantar ƙasa, wanda ya zo ya ɗauka ya ɗora sabon shiri a kai.

A lokacin ne aka kawo mana wani Bature daga Ostareliya don ya koya wa sashen wasan kwaikwayo aiki. Dogo ne mai furfura, ba ya son zaman ofis, ya fi son ya zo sitona ya zauna a kan kujerar mai gadi ya sha shayi. A nan ya ba ni labarinsa. A ƙasarsu da fitowa a wasa ya fara, tun talabijin tana baƙi da fari. Da ya gaji da faɗar maganar da wasu suka rubuta sai ya koma rubutawa da kansa, daga baya ya zama shi ke shirya komai. Ya ce duk shekarun da ya yi yana fitowa, ko minti ɗaya bai rage ba, an goge don a sake amfani da faifan. 'Ya'yansa ma sai dai su ji a baki cewa ubansu ya taɓa yin wasa. Ni da kunne ɗaya na saurare shi. A raina na ce kukan daɗi kawai yake yi.

Wata rana na raka shi Katako sayen filanki na gina ɗakin wasa. Muka tarar da Baba yana raba gardama tsakanin wani kafinta da mai tura kurar kaya, yana kwaikwayon muryar kowannensu har su masu faɗan suka fashe da dariya. Baturen bai ji rabin abin da ake faɗa ba, amma ya tsaya baki buɗe. Sai da ya yi sawu huɗu kafin Baba ya yarda ya fito a wasan talabijin. Ranar farko Baturen ya miƙa masa takardar wasan, Baba ya juya ta ya mayar masa, ya ce shi ba ɗan boko ba ne, a dai faɗa masa inda zai fara da inda zai tsaya, tsakiyar a bar masa. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana rubuta wa mutane abin da za su faɗa, na ga ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu. Daga ranar sai dai ya zauna da Baba su tsara labari da baki, ni ina yi musu tafinta.

Shirin ya karɓu. A unguwarmu ta Dutse Uku, maƙwabcinmu ma'aikacin gwamnati ne, ɗan asalin tsaunin nan, shi ke da akwati, kuma duk ranar wasan yakan fito da shi baranda. Kowa na zuwa ban da Inna, mahaifiyata. Ta ce ita ba za ta zauna cikin yara ta zuba wa mai gidanta ido ba, ai da kunya. Matar maƙwabcin ta yi ta janta har ta gaji. In na matsa mata sai ta ce wata rana za ta gani, ai ba guduwa zai yi ba.

A damina ta biyu da fara shirin Baba ya kwanta, sati biyu Allah ya karɓi abinsa. Baturen yana hutu a ƙasarsu. Bayan sadakar bakwai na koma aiki, sai shugaban sashe ya ce suna so su maimaita wasannin Baba don girmama shi. Raina ya ɓaci. Na ce mutum yana kwance a kabari, mu kuma mu fito da shi yana ba jama'a dariya? Dattawan unguwa ma haka suke gani, kuma har yau ban ce sun yi kuskure ba. Kuskuren nawa ne. Da hannuna na bi faya-fayan ɗaya bayan ɗaya na rubuta cewa ba za a sake nunawa ba. Babu wanda ya fi ni sanin inda faifai mai irin wannan rubutu yake komawa, amma baƙin ciki ya rufe min ido. Kafin a yi arba'in duk an kwashe su.

Da Baturen ya dawo ya yi min gaisuwa, ya dubi kantar, ya dube ni. Ya zauna a kujerar nan ya daɗe, shayin ma bai sha ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Inna ta yi takabarta, wata huɗu da kwana goma. Washegarin fitarta ta kira ni ɗakinta, tana gyara bakin tabarma don kada mu haɗa ido.

"Ina so in ga babanku a akwatin nan," ta ce. "Sau ɗaya ya ishe ni."

Na ce to. Ban faɗa mata abin da na yi ba.

Baturen na nufa, don ba ni da wani. Ya ce injin goge faifai ya daɗe da lalacewa, masu ɗauka ɗora sabo kawai suke yi a kan tsoho. Idan sabon shirin bai kai tsohon tsawo ba, wutsiya takan rage. Shi ma a ƙasarsu ya taɓa yi wa kansa irin wannan nema, bai dace ba. Kwana uku muka yi muna bin lambobin faya-fayan, muna gudu da kowanne zuwa ƙarshe. Labarai, jawabai, wasan ƙwallo, bayansu sai dusar allo. A rana ta uku, bayan wani shirin noman dankalin Turawa, hoto ya yi rawa ya daidaita, sai ga Baba. Bai kai minti ɗaya ba, kuma ba cikin wasan ba ne, an riga an gama an manta ba a kashe kyamara ba.

Na ɗauko Inna a tasi da hantsi. Baturen ya sallami kowa daga ɗakin injin, ya tare ta a ƙofa ya rusuna, ya haɗa 'yar Hausarsa.

"Mama, sannu. Kaɗan ne ya rage. Yi haƙuri."

Sannan shi ma ya fita ya ja ƙofa, don ya gane ba za ta kalla a gabansa ba.

Na kunna. Baba ya cire hula, ya share gumi da hannun riga, ya dubi wani a gefe ya ce in an gama a sallame shi, ana jiransa a gida. Shi ke nan, dusa ta dawo. Na waiwaya, sai na ga kan Inna a sunkuye. Tana jin muryarsa ta sauke ido kamar yadda ta saba shekara talatin, ba ta ga komai ba.

Na mayar da faifan baya ban tambaye ta ba. Wannan karon ta ɗaga kai, ta matso da kujera har mayafinta yana taɓa injin. Ta dube shi tun daga cire hular har ya ɓace.

"Ashe tun lokacin ya fara ramewa," ta ce. "Da ina dubansa da na gani."

Ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce in yi wa Baturen godiya, in kai ta gida.