Mujallar da Na Rasa Ƙasarta

Akwai wata Talata da ba na mantawa, a shekarata ta biyu a laburaren wata jami'a a Maryland. Ina ƙaramin ma'aikaci a sashen rajista, aikina in rubuta sunan kowane littafi da harshensa da ƙasar da aka buga shi. Ƙa'idarmu ita ce, kyautar littattafan da ta yi wata guda ba rajista sai a kai ta injin niƙa takardu.

Ranar aka ajiye min kwali uku na wata tsohuwar mujallar yara da aka kawo kyauta. Baƙaƙen boko ne, amma wasu da 'yar alama a kai kamar hula. Na ɗauka Sifaniyanci ne. Malam Idi, mutumin Nijar da ke gyaran littattafai, ya ce yana tsintar kalmomin Faransanci, amma ba shi ba ne. Kwamfuta ta ce Esperanto. Ni ban taɓa jin ƙasar da ake yinsa ba.

Da na bi fitowar ɗaya bayan ɗaya sai kaina ya ƙara ɗaurewa. Adireshin masu bugawa ya yi ta ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa, sunan ya canza sau biyu, lambobin fitowar suka koma daga farko. Mujalla ɗaya ce ko uku? Shugabar sashenmu ta ce in warware kafin Juma'a, in ba haka ba ƙa'ida ta yi aikinta.

Na buga wa mai kyautar waya, wata dattijuwa a garin Beltsville. Ta ce harshe ne da aka ƙirƙira don mutanen duniya su ji juna. Masu shirya mujallar 'yan sa-kai ne. In ɗaya ya gaji ko ya rasu, wani a wata ƙasa ya karɓa. Ita tun tana yarinya take karantawa, kuma a hannunta aka daina bugawa.

Na ce, "Mama, to wace ƙasa zan rubuta?"

Ta yi dariya. "Ɗana, yaran da suka karanta ta ba su taɓa tambaya ba."

Na yi rajista uku, na haɗa su da dogon bayani. Shugabar ta karanta sau biyu, ta sa hannu tana girgiza kai. Har na yi ritaya ban tabbatar daidai na yi ba, amma mujallar na nan a kanta.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, in abu ya ƙi shiga fom, kada ku yi saurin yanke masa hukunci. Ku nemi mai shi tun yana da rai.