Yadda Na Yi Wa Birai Gadin Ɗorawa

Ko zan manta da komai a duniya, ban da shekarar da na yi wa birai gadin ɗorawa. A ƙauyenmu ne, can gindin duwatsun Doguwa, Turawa ba su tafi ba tukuna. Ina da shekara talatin, ina ji da kaina don na yi ajin yaƙi da jahilci.

Da ciwon kawuna ya tsananta, 'ya'yansa suna can Riruwai wurin haƙar kuza, sai ya kira ni gaban liman da mai unguwa ya naɗa ni wasiyyinsa. Ya ce, "Ɗorawar bakin gonata na bar wa tsohuwar nan maƙwabciyata. Da ita take ci." Gaskiya ne kuwa. Ba ta da ɗa ba ta da jika, da kalwar bishiyar take daddawa, abin da ta sayar shi ne tuwonta na shekara. Ba a daɗe ba kawu ya rasu.

A da, liman ke raba gado a ƙofar gida, a shafa fatiha a watse. To a shekarar ce aka yi shela cewa ba mai raba kayan mamaci sai muhuti, wato malamin alƙali, ya zo ya rubuta komai. Ni da rawar kai, sai na ɗauka ko ganye ba a taɓawa.

Ɗorawa ta nuna, tsohuwa ta zo da ƙugiyarta da kwando. Na sha gabanta na ce, "Iya, a yi haƙuri, doka ce."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, ita dokar ta san damina na tafe?"

Na ƙi sam. Ashe birai ba su ji shela ba! Kullum da hantsi sai su gangaro daga dutse, uwa da 'ya'ya. In kore su ta gabas, su ɓullo ta yamma, baki duk garin ɗorawa, suna kallona. Sati uku ina wannan wahala da majajjawa a hannu.

Ran nan muhuti ya iso a kan keke daga Tudun Wada. Ya ji shaidu, ya tabbatar wa tsohuwa bishiyarta, sannan ya ɗaga kai ya dubi bishiyar ya ce, "Ina 'ya'yanta?" Na gyara tsayuwa na ba shi labari, ina jiran yabo. Malamin nan ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya ce, "Kai, bawan Allah! Rabo aka hana. Da ka sa an kaɗe an adana, ai aikin wasiyyi ke nan."

Tsohuwa ta ce, "Allah gafarta malam, a rubuta birai cikin magada, sun riga sun karɓi nasu."

Kowa ya fashe, har ni. Amma da aka kaɗe abin da ya saura bai cika kwando ɗaya ba, wallahi kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Daga rumbuna ta ci tuwo shekarar nan, kuma har ta bar duniya ni ke hawa in kaɗe mata.

Tun daga ranar, in an ba ni amana, kafin in tsaya a kanta da sanda sai na tambayi na gaba da ni, don na ga yadda mutum zai tsare doka ya bar mai haƙƙi da yunwa.