Kwamfuta ta Ashirin da Ɗaya

Shekarun baya kaɗan, kawuna ya buɗe ɗakin kwamfuta a Islamiyyarsa da ke Gwaram, don ɗalibai su riƙa gwada hannu kafin jarrabawar shiga jami'a. Ni ya damƙa wa ɗakin, saboda na taɓa yin kwas na wata uku a Birnin Kudu. A lokacin ji nake duk yankin babu kamata.

Kwamfuta ashirin da ɗaya muka jera, duk suna ɗauko tambayoyi daga wata babba da ke kusurwa. Ashirin su hau lafiya lau, duk wadda aka kunna a ƙarshe ta ƙi. Mai zuwa ƙarshe kuwa kullum wata ɗaliba ce daga Fagam, don sai ta gama aikin gida sannan ta nemi ɗan acaɓa. Na canza mata wuri, na canza waya, a banza. Ƙawayenta suka fara raɗa wai farar ƙafa gare ta, ni kuma gwani na ɗora da faɗa: "Ke dai akwai abin da kike dannawa!"

Ranar da ta ce min, "Malam, ko dai in haƙura da jarrabawar nan?" na gane abin ya fi ƙarfina. Na ajiye girman kai na kira abokina mai gyaran kwamfuta.

Ko minti goma bai yi ba ya kwashe da dariya. Ya ce wa kawu, "Baba, kayanku lafiyarsu ƙalau. Kamfanin da ya yi manhajar babbar kwamfutar ne ya ƙulle ta a kan mutum ashirin da gangan, don ku sayi mai tsadar. Taku da mai tsadar kuwa, cikinsu kusan ɗaya ne."

Kawu ya ce, "Wato zauren yana da fili, mai gadi kawai suka ajiye a ƙofa."

Abokina ya sa mana manhaja ta kyauta. Da shirin tambayoyin ya ƙi aiki a kanta, ya ƙara wata ƙarama a tsakani tana yi musu tafinta. Kawu ya leƙa allon ya ce, "Shi wannan tafintan, wa ke ciyar da shi?" Abokina ya ce 'yan sa kai ne, sai wasu kamfanoni masu son janye mutane daga wancan kamfanin.

"Yawwa," in ji kawu, "kowa da cinikinsa."

Washegari ta zo ƙarshe kamar kullum, ta danna a tsorace, tambayoyi suka buɗe. Kawu bai bar ni na sulale ba. A gaban ajin ya tsayar da ni na ba ta haƙuri, su ma masu raɗar ya sa suka bi sahu.

Ta ci jarrabawarta, yanzu ma'aikaciyar jinya ce. Idan muka haɗu a kasuwar Birnin Kudu har ƙasa take gaishe ni, ni kuwa kunya ta hana ni haɗa ido da ita. Wasu sun zauna a wata ƙasa sun yi dabarar ciniki, ni na kusa kore yarinya daga karatu saboda na kasa cewa ban sani ba.