Akawal da Bargon Mahaifina

Jiya jakin maƙwabcinmu ya yini yana goga jikinsa a katangarmu, har ƙasa na zubowa. Jikokina suna ta dariya, ni kuwa na kasa cin tuwo. Na san ƙarar nan tun ban kai ɗaura zane a ƙirji ba.

A cikin Birni aka haife ni, a gidan mutanen Barno. Ina ƙarama mahaifina ya bi rundunar Sarki, bai dawo ba. Dokinsa kaɗai aka jawo mana, wani akawal baƙi wuluk, tare da bargon da yake shimfiɗa masa a ƙarƙashin sirdi. Kakana, wanda ya haifi mahaifina, bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya karɓi ragama, ya kafa turke a ƙofar ɗakinsa.

Da damina ta kankama sai dokin ya fara susa. Ya goga wuya a turke, ya ciji kafaɗa, gashi na zuba kamar ana sheƙar ƙaiƙayi. Idon kakana ya riga ya yi rauni, da tafin hannu yake duba dabba. Ya taɓa gaya mini cewa in gashi ya tsige da ɓawo a gindinsa, kirci ne, ruwan sama ke kawo shi. In ya zube a kewaye kamar bakin ludayi, makero ne. Ran nan ya shafa wuyan, ya ji fata ta yi kauri ta tattare, ya ce ƙazuwa ce.

Aka aske gezar. Mahaifiyata takan dafa ganyen taba da sassaƙen maɗaci a wanke dokin da hantsi, in ya bushe kakana ya murza masa farar wuta da aka kwaɓa da man shanu. Warin ya kama gidan, har a furarmu muna jin sa. Gyambon ya ƙafe, sabon gashi ya tsiro, mu fara murna, sai ciwon ya dawo sabo. Ku sani, kowace yamma kakana yakan ɗauko bargon nan ya lulluɓe dokin, wai saboda sauro.

Daga baya abin ya kama ni a tsakanin yatsu, ina susa har jini. Mahaifiyata ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi surukinta ba, amma ranar ta je ta durƙusa a gabansa.

"Baba, bargon ne ke dawo da ciwon. Kai ma ka sani."

"Na sani, 'yata," in ji shi. "Warin jikin ɗana ne bai gama fita ba."

Ya kira ni, ya kama hannuwana ya shafa su yatsa bayan yatsa. Washegari da safe ya tumɓuke turken, ya tattara tsohuwar ciyawa, ya ɗora bargon a kai ya cinna wuta a bayan gida. Bai yarda kowa ya taya shi ba.

Ni na warke. Dokin kuwa ya riga ya rame har ana ganin haƙarƙarinsa, ya daina taɓa harawa, ya kwanta bai ƙara tashi ba, ya mutu kafin a yanke gero. Kakana ya ci gaba da zama a ƙofar ɗakinsa yana fuskantar ramin turken. Bai ga wata daminar ba.

Yanzu an raba gidan uku, an gina madafa a wurin turken. Samarin yau in doki ya fara zubar da gashi, sai su kai shi ƙauye su rabu da shi, su nemo wani. Duk waɗanda suka san fuskar mahaifina sun ƙare, ni kaina ba na iya tuna ta. Wani lokaci nakan dubi hannuwana, ko tabo babu, in tuna abin da tsohon nan ya ƙona kafin su zama haka.