Sanyin Ɗakin Takalma

A unguwarsu ba mai kiransa injiniya, duk da ya yi karatun. Mai Sanyi ake ce masa, har Innarsa idan tsokana ta motsa mata. Aikinsa gidajen masu hali: ya ja bututun iska ta cikin silin, ya kafa injuna a bayan gida, ya daidaita wa kowane ɗaki sanyin da ya dace da shi. A cikin silin ɗin mutane furfura ta same shi.

Gidan da ya fi alfahari da shi na wata Hajiya ne da ke zaune a ƙasar waje. Ba kowa a ciki sai maigadi, amma injuna ba sa hutawa. Akwai ɗaki guda na takalma da jakunkuna zalla, wanda ba a yarda zafi ko danshi ya taɓa shi ba, don kada fata ta lalace. Shi ya maƙala wata 'yar na'ura a bangon, mai jin ɗumin jikin mutum. Da an shiga sai ta ƙara sanyi, ta kuma aika wa Hajiya saƙo a waya. Ranar da ya gama haɗa ta, bakinsa har kunne.

A gida kuwa Inna na kwance ƙarƙashin rufin kwano, kuma likita ya ce zuciyarta ba ta son zafi. Ya haɗa mata na'urar sanyi da hannunsa, tana nan a bango kamar hoto, don wutar unguwar ko ta zo ba ta iya tayar da ita. Abin nan yana cin ransa ƙwarai.

Wata rana da azahar ya tarar da ita tana haki, zani ya jiƙe sharkaf, mafici ya faɗi daga hannunta. Bai tsaya shawara ba, ya sa ta a mota, ya nufi gidan Hajiya. Maigadi ya gan su, ya kau da kai. Falon gidan a kulle yake, makullin ɗakin takalma kaɗai ke hannunsa. Ya shimfiɗa mata rigar aikinsa a ƙasa. Sannu a hankali numfashinta ya daidaita.

"Wa ke jinya a nan?" ta tambaya.

"Takalma ne, Inna."

"Allah ya ba su lafiya," ta ce, tana dariya ƙasa-ƙasa.

Sai ya ji iska ta ƙaru a samansu. Tsabar ruɗewa ta sa ya manta da 'yar na'urar da ya maƙala a bangon. Wayarsa ta yi ƙara, Hajiya ce.

"Injiniya, wa ke cikin ɗakina?"

"Ranki ya daɗe, mahaifiyata ce, zafi ne ya..."

"Ayya, Allah ya sawwaƙe. Amma ka fi kowa sanin numfashi na ɓata fata. Kai ka gaya mini."

Shi ya gaya mata kuwa, kuma gaskiya ce.

Ya tallafo Inna suka fito, rana ta mare su tun daga bakin ƙofa. A mota hakin ya dawo. Ta laluba ta kamo hannunsa, ta ɗora a kumatunta.

"Bar shi nan tukuna," ta ce. "Da sauran sanyi a jikinsa."