Hamsin ɗin Ladidi Mai Man Gyaɗa

Ranar da Ladidi mai man gyaɗa ta faɗa kwata, ina zaune ƙofar gidana ina tsintar wake, don haka ba labari aka ba ni ba. Malam Victor ne sanadi, malamin makarantar nan da ke haya a bayan layinmu a Tudun Wadar Gusau. Ya sayi mai kwalba biyu, ya tura mata kuɗin ta waya, ya ɗaure kwalaben a bayan mashin, ya tayar. Bai kai kwana ba ta tuna bai sa caji ba. Sai ta zabura, jarka a hannu ko murfi babu, tana ƙwala kira, "Malam! Malam, hamsin ɗin!" Silifas ya tsinke, ƙafa ta zame, sai ga mutuniyar zaune daram cikin kwatar bakin layi, jarkar ta kife a kanta. Man dubu takwas ya bi ruwan wanke-wanke. Ta fito tana sheƙi kamar ƙosan da aka tsamo yanzu.

Ni kuwa Kulu, Allah ya yafe min, na yi dariya har waken ya zube. Na ce, "Ladidi, a kawo yaji ne, ko haka za a ci ki?" Ba ta ko dube ni ba. Wata guda cur ina kiranta Hajiya Hamsin.

Duk mai saye da sayarwa a garin nan ya san rigimar caji. Ka ɗauki kaya ba ka da tsabar kuɗi, sai ka tura ta waya. Mai kaya kuma in ya je wurin mai POS zai cire, sai an yanke masa wani abu. To wa zai ɗauki yankan? Mai sayarwa ya ce ka ƙara, mai saye ya ce ni ma bankina ya cije ni. Na ga surukai sun daina gaisawa a kan naira ɗari. Amma tsarin Ladidi daban yake da na kowa. Tana da kwali rataye a jikin teburinta mai lamba biyu. Ta sama tata ce, nan ake tura kuɗin kaya. Ta ƙasa ta caji ce. Ko man dubu ɗaya ka saya ko na dubu ashirin, hamsin ce, kuma sai ka tura ta daban. In ka ce ga hamsin ɗin a hannu, ba ta karɓa. In ka haɗa mata da kuɗin kaya wuri ɗaya, ta ciro hamsin daga ƙugunta ta miƙa maka, ta ce ka sake turawa ta ƙasa. Mutane suna ƙorafi, suna kuma dawowa, domin manta ba algus, ƙulinta kuma ba ya karya haƙori.

'Yar garin Mada ce. A gindin turmin uwarta ta koyi matsar gyaɗa, tun hannunta bai iya zagaye tabarya ba. Ta auri Zakari, mutumin Bungudu mai sarin hatsi, suka tare a gidan da ke jikin namu shekara ashirin da biyu da suka wuce. 'Ya'ya mata biyu Allah ya ba su, duk suna ɗakunansu. Katanga ɗaya muka haɗa, gajeriya, in na taka turmi ina ganin abin da ke tukunyarta, kuma ina takawa.

Ladidi irin matan da ce wajen kunya. Shekara ashirin da biyu ban taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba. Malam take cewa. Ranar da masu rabon gidan sauro suka tambaye ta sunan mai gida, leƙowa ta yi ta katanga ta ce, "Kulu, zo ki faɗa musu." Na ce musu sunansa Angon Ladidi, sai da ta jefe ni da ludayi. Akwai wani tela a layinmu mai suna irin nasa, har yau mai sunan Malam take ce masa.

Shekara huɗu ke nan, bayan kaka, Zakari ya shiga motar wani abokinsa mai kai hatsi Tsafe. Ya ce kafin la'asar ya dawo. An tsinci motar a gefen hanya, ƙofofi a buɗe, buhuna suna nan ba a taɓa ba. Mutum biyar ne a ciki. Masu garkuwa sun kira dangin uku, aka yi ciniki aka sako su. An samu gawar direban. Zakari kuwa ba kira, ba gawa, ba wanda ya ce ya gan shi. Wayarsa ma a gida ya bari, don masu bin hanyar nan sun daina tafiya da wayar da alat ɗin banki ke shiga. In an tare mota, ita ake fara dubawa a san nauyin mutum.

Daga nan sunansa ya ɓace a unguwa. Ba wanda ya shirya hakan. Ba ka iya cewa marigayi, ba ka kuma iya tambayar lafiyarsa. Sai dai a ce bawan Allahn nan, ko mai gidanki, a yi ƙasa da murya, a yi sauri a canza zance.

Wayar tasa ƙarama ce mai madanni, an ɗaure bayanta da kyauro. Ladidi ta ajiye ta cikin wata tsohuwar kwalla a kan tebur, tsakanin kwalaben mai. In saƙo ya shigo, sai ta yi ta kakkarwa a jikin ƙarfen, ƙirrr, kamar ƙwaro ya faɗa ciki yana neman hanyar fita. Da rana tsaka, layi ya yi tsit, ina daga tsakar gidana nake jin ta. Na saba da kukan injin markaɗe, na saba da kiran mai gwangwan, wannan ƙarar ce dai ban saba ba.

Ni da tsabar kuɗi nake saye, shi ya sa na daɗe ban gane ba. Sai da 'yata ta aiko min da babbar waya daga Kaduna, aka koya min turawa. Na je da fankama na ce, "Hajiya Hamsin, yau da taransifa za a yi. Zuba min kwalba." Na tura kuɗin mai. Na danna lambar ƙasa ina haɗa baƙi da ƙyar, don ni aji uku na tsaya. Kowa ya san ƙa'ida, kafin ka tura sai ka karanta sunan da ya fito da ƙarfi, mai kaya ya tabbatar, kada kuɗi su tafi gidan wani. Na kai wayar kusa da ido na karanta.

"Zakari Haruna?"

"Shi ne," in ji Ladidi.

Yadda na ɗaga murya a ƙarshen sunan, kamar na yi sallama ina tambaya ko yana ciki. Na samu kaina ina kallon zaure, inda Zakari ya saba shimfiɗa buzu yana auna samfurin wake a tafin hannu. Labulen buhu ya motsa. Iska ce, na sani. Sai kwallar ta ɗauki ƙirrr.

Na dubi fuskarta. Ta lumshe ido kamar wadda ta kurɓi ruwan randa a watan azumi bayan an sha ruwa. Sau goma, sau goma sha biyar a wuni, baƙi da 'yan gari suna tsayawa a ƙofarta suna kiran sunan, ba marigayi a gaba, ba Allah ya bayyana shi a baya. Ita kuma da bakinta ba ya iya faɗa, nata kawai ta amsa.

Na ɗauki kwalbata na koma gida ba tsokana, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Bayan kwana uku na shiga na same ta tana murza ƙuli, na zauna ina taya ta. Na ce, "To ke, kuɗin da ke taruwa can fa? Kina cirewa?"

"Da mi zan cire? Lambar sirrin tana kansa."

"Ashe tara wa banki kike. Su ma su zo su taya mu murza ƙulin mana."

Ba ta yi dariya ba. Ta jefa ƙuli uku a mai, ta tsaya tana kallon yadda suke juyawa. Can ta ce, "Kulu, kin san abin da ya kai shi Tsafe?"

Na ce kasuwa.

"Caji ya kai shi. Waken suya ya sai da wa wani mutum can, buhu huɗu. Mutumin ya ce zai turo kuɗi amma ba ya ƙara ko sisi. Mai POS kuma ya ce dubu da ɗari biyar zai yanka. Malam har ya ce a bar shi, ya turo hakanan. Ni ina nan inda kike zaune na ce, kullum kai ake cuta, ga mota kyauta za ta Tsafe, ka tafi ka karɓo abinka a hannu. Ya yi dariya ya ce to Hajiya manaja. Ya sa takalmi."

Ƙulin ya ƙone a mai, ba wadda ta tsame shi. Tun ranar ban ƙara ce mata Hajiya Hamsin ba. Na koma kiranta Manaja a zuciyata, amma ban taɓa bari ya fito ba.

Shi ma Malam Victor ya gane da kansa. Yanzu ko bai sayi komai ba yakan tsaya da mashin ya ce, "Mama, akwai caji na jiya da na manta." Ƙarya yake, bai manta komai ba. Ya karanta sunan da Hausarsa mai tsalle-tsalle, ta ce shi ne, ya wuce makaranta.

Watan jiya Alhaji Umaru ya zo daga Bungudu, wan Zakari, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Shi ya sai da gonarsa ya riƙe kuɗi yana jiran kiran da bai zo ba. Shi ya bi ƙauyukan Tsafe da hoto har ƙafarsa ta kumbura. Da hantsi ya iso, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ni kuma sai ga shi ina bukatar aron rariya, na shiga na ƙi fita.

Bayan gaisuwa ya gyara zama ya ce, "Ladidi, shekara huɗu ta cika. Na tambayi malamai, na kuma je wurin alƙali. Lokaci ya yi da za a yi abin da ya dace. A yanke hukunci, ki yi takaba, a yi masa addu'a, a raba abin da ya bari. Ke ma ki samu kanki."

Ta ce, "To, Yaya."

"Banki sun ce in an kai takardar kotu da layin wayarsa za su rufe asusun, su fitar da abin da ke ciki. Wayar nake so ki ba ni."

Ladidi ba ta motsa ba. Hannunta yana kan murfin kwallar da ta shigo da ita daga tebur.

Na sa baki, don ba na iya rashin sawa. Na ce, "Alhaji, ai kuɗin ciki hamsin-hamsin ne, a bar mata abinta mana."

Ya ce, "Kulu, ba don kuɗi ba ne, kin sani. Har Bungudu ana zancen. An ce matar ƙanena tana sa mutane suna aika wa wanda ba ya nan kuɗi. Ran nan wani direba ya biyo ni har gida yana murna, wai ashe an ga Zakari, ya tura masa hamsin da hannunsa. Inna tana ɗaki ta ji. Tsohuwa ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, tana zaune bakin ƙofa da mayafi." Ya tsaya ya share ido da bakin rawani. "Kullum sai an tono mana shi. Ki bari ya kwanta."

Gaskiya na ji tausayinsa. Na dubi Ladidi ina cewa a raina, miƙa masa ki huta, baiwar Allah.

Ana haka wata mata ta yi sallama daga waje tana son rabin kwalba. Ladidi ta tashi ta zuba mata. Muna zaune muna jin komai ta labule. Matar ta tura na sama, ta koma na ƙasa, ta ɗaga murya.

"Zakari Haruna?"

Alhaji Umaru ya zabura har carbinsa ya faɗi. Ya juya yana kallon ƙofa, baki buɗe, kamar mai jiran a ɗaga labule. Muka ji Ladidi ta amsa a hankali. Kwallar da ke gabanmu ta ɗauki kakkarwa, ta yi ta yi, ba wanda ya taɓa ta har ta gaji ta yi shiru.

Da ta dawo, ya ɗauki carbinsa. Ya ce, "Kin gani? Wannan ba rayuwa ba ce. Inji ne fa, Ladidi. Banki bai san mai rai ba, bai san matacce ba. Ki ba ni wayar marigayi in tafi."

Karo na farko ke nan da wani ya faɗi kalmar a gidan. Ladidi ta ɗauke wayar daga kwalla, ta ƙulle ta a bakin zane, ta ja ƙullin da haƙori. Sannan ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi wa wan miji ba.

"Gaskiya ne, Yaya, banki bai sani ba. Kai ma ba ka sani ba. Amma shi bankin, da bai sha nono ɗaya da Malam ba, shekara huɗu bai yi gaggawar binne shi ba."