Batirin Rimot Ɗinta Bai Mutu Ba

Ni ba mai ilimi ba ne. Aji biyu na yi a firamare, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi. Amma a kan batirin rimot, da ana ba da takardar shaida, da yanzu tawa tana rataye a zaure.

Ɗanmu da ke zaune a Rijiyar Zaki ne ya kawo mana talabijin da farantin sola, shekarar da ƙafafun uwarsa suka daina ɗaukarta. Rimot ɗin da ya zo da ita bai daɗe ba ya faɗa cikin kwanon kunu. Na ce akuya ce ta ture shi. Tsohuwa, haka nake kiran matata, ta ce ai ta ga akuyar, har da hula a kanta.

Ranar kasuwar Gezawa na sayo wani, irin wanda aka ce yana jin yaren kowace talabijin. Mai shagon ya tambayi sunan tamu, na zana masa haruffan a ƙasa da tsinke yadda na gan su. Ya latsa wasu lambobi, ya ce, "Baba, in ka cire batir kada ka daɗe ba ka mayar ba. Zai manta talabijin ɗinku."

Bayan ƙafafu, murya ce ta soma tafiya. Matar da a dā in ta kira ni daga bakin murhu har liman yana jiyowa, ta koma sai na kai kunne kusa da bakinta. Gonata kuwa ga ta nan bayan dangar gida, kuma noma ba ya jiran mai jinya. 'Yarmu tana zuwa daga gidan mijinta da safe ta gyara ta, ta koma. Sauran yinin ni ne. Tsohuwa ce ta samo dabara: in tana nemana, sai ta ƙure ƙarar talabijin. Ina ji in yar da fartanya.

Maƙwabta suka samu abin yi. "Malam, ana cigiyarka a talabijin!" Wani lokacin in shigo ina haki, in tarar da ita tana murmushi.

"Lafiya?"

"Lafiya lau. So nake in ga ko tsoho yana iya gudu."

Wata rana na yi ta noma ban ji kira ba, har nake cewa yau an ba ni hutu. Da na shigo sai na same ta ta zame daga kan matashi, fuskarta a jikin bango, rimot a hannunta. Batir ya mutu. Ta yi ta latsawa har babban yatsanta ya yi shaida. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce kawai in ba ta ruwa. Da faɗan ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Daga ranar na zama likitan batir. Na tanadi wasu a gefe: biyu suna ciki, biyu suna shan rana a kan kwanon ɗaki, don haka na ga ana yi wa na rediyo tun muna samari. In zan sauya, da sauri nake yi kamar ɓarawo, kada rimot ya manta. Ina murza su a tafin hannu. Ina cizonsu, har haƙorina na gaba ya tafi a bakin aiki. Tsohuwa ta dubi giɓin ta ce, "Yanzu kai da batirin wa ya ci wani?"

Da ɗanmu ya ji labari a waya, ya ce, "Baba, don Allah ka daina shanya su, rana kashe su take, har su yi ruwa su ɓata rimot ɗin." Ya aiko da masu kyau, ya ce kada in haɗa sabo da tsoho. Na bi maganarsa, sai dai ban gaya masa ya fi ni gaskiya ba. Na kankare tsatsar da ke jikin 'yar wayar ciki da bakin ashana. Sannan na gano babban ɓarawon da kaina: Tsohuwa tana barci da rimot a ƙarƙashin matashi, kanta ya danne maɓallai, 'yar jar wutar nan tana ta ci ba wanda ya sani. Na ce ta riƙa ajiye shi a gefe. Ta ce ba ta yarda ya yi nisa da ita ba. Sai na fafe masa ƙaramin ƙoƙo, na ɗaura a jikin gadon daidai inda hannunta yake kaiwa.

Kullum kafin in fita sai na latsa na ga jar wutar ta kawo, sannan in ce ta gwada. Ta ƙure, ta rage, in ɗauki fartanya.

Ranar ƙarshe ma haka muka yi. Gero ya kai gwiwa, ina maimai a kunyoyin da ke jikin danga, ina jiyo wa'azin da take saurare ƙasa-ƙasa. Wajen azahar sai na ji ƙarar tana raguwa a hankali, har ta ɗauke. Na ce barci za ta yi. Na ƙarasa kunyar da nake kai, na yi alwala a bakin rijiya, na shiga.

Tana kwance daidai, ba ta zame ba. Talabijin tana ta aiki, malamin yana motsa baki ba murya. Rimot yana kan ƙirjinta, hannunta a kansa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan an share makoki na ɗauko rimot ɗin. Na ce ƙila batir ne ya ci amanata, ta nemi ƙurewa ya ƙi. Na latsa. Jar wutar ta kawo tar, ƙara ta cika gidan har kaji suka watse. Babu abin da ya sami batir. Hanyar kirana tana hannunta, ita ce ta rage.

'Yarmu ta ce ƙila yatsanta ne ya kuskure maɓalli. Liman ya ce mai tafiya ba ya son hayaniya. Ni dai na san halinta. Da safen ranar na ce mata ciyawa ta kusa cinye mini kunyoyin danga, ta ce, "To je ka gama, ba zan dame ka ba." Na ɗauka irin maganarta ce ta kullum.

Batiran nan biyu har yau su ne a ciki. Damina ta sake zagayowa ba su ko raunana ba. Duk dabarun da na ɓata haƙori a kansu, ashe babu wadda ta kai a rasa mai latsawa. Rimot ɗin yana cikin ƙoƙonsa. In zan fita gona ina duba jar wutar, kuma har yanzu kunyoyin jikin danga nake fara nomewa, don daga nan aka fi jin ɗakin.